Hannun da Ya Bar Lalle Saboda Rijiyar Dada

Kafin masu ƙosai na bakin tashar Birnin Kudu su ɗora kasko, Malama Batulu ta riga ta iso. Ba ta da saurin tafiya, amma ba a taɓa jiranta ba. Mayafi ruwan toka, takalmin roba da ya sha ɗinki, jaka a kafaɗa. A cikin jakar akwai kwalabe wankakku da ta naɗe da tsohon zani don kada su gwaru, da siririyar igiya, da wani gwangwanin alewa da fentinsa ya daɗe da gogewa. Komai nata tana iya yarda a jefa a bayan mota tare da buhunan mutane, ban da gwangwanin nan. A cinyarta yake zama tun daga tasha har Gwaram, hannayenta biyu a kansa.

Ɗanbala, direban da ya fi ɗaukarta, ba ya barin ta ta zauna lafiya.

"Inna, yau kuma wace rijiya za a gurfanar?"

"Wadda ka sha jiya."

"Ni ai ruwan leda nake sha, na waye."

"Miƙo ledar nan in duba maka wayewar."

Sai ya yi dariya ya cusa ledar ƙarƙashin kujera, fasinjoji su taya shi. Ita kuwa ba ta cika dariya ba, murmushi kawai take yi ta mai da ido kan hanya. Har zuwa watan nan, wanda ya zauna kusa da ita ya lura da hannayen da ke kan gwangwanin zai ga wani abu: babu lalle a jikinsu, ko a farce ɗaya. Ga mace mai shekarunta a garinmu, wadda ba ta rasa biki ko suna a dangi, wannan abin tambaya ne. Amsarsa tana cikin labarin nan.

Malama Batulu jami'ar duba-gari ce. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana leƙa kwata da masai da mahauta, tana shiga gidaje tana koya wa mata su tafasa ruwa kafin su ba yara. A ƙarshen shekarun aikinta ne wasu masu bincike daga jami'a suka zo suka koyar da ma'aikata amfani da wasu 'yan takardu, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, bakinta ruwan ɗorawa. In aka tsoma ta a ruwan da ke da dalma, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin batirin mota da na sola, sai bakin ya rine ya koma ja. Akwai wasu irin na wasu ƙarafan, kowanne da launinsa. Takardar ba ta yanke hukunci. Ƙararrawa ce kawai, sai an kai ruwan ɗakin gwaji a tabbatar. Amma a ƙauyen da babu wuta, babu inji, babu mai zuwa, ƙararrawar nan ita ce komai.

Da yawa daga waɗanda suka je horon sun ɗauki hoto, sun dawo sun ɗora kwalayensu a saman kabad har laima ta cinye su. Batulu ta samo gwangwanin alewa, ta zuba busasshiyar shinkafa a ƙasansa don ta riƙa tsotse danshi, ta jera takardunta a kai. Tun daga ranar, duk rijiyar da ta wuce sai ta tsaya.

A watan nan ta ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba, ko lemo ba a raba ba. Ta miƙa makullin durowarta, aka ce Allah ya ba da hutawa, shi ke nan. Abin da ya sa wannan rubutu ke nan, domin akwai abin da mutanen wani ƙauye a ƙasar Gwaram suka gani da idonsu, kuma bai kamata ya tsaya a bakinsu su kaɗai ba.

Ƙauyen yana gefen hanyar Farin Dutse. A tsakiyarsa akwai rijiyar da ake kira Rijiyar Dada. Dada tsohuwa ce mai tallar nono, wadda kusan duk wani magidanci a garin ya sha furarta yana yaro. Da ta rasu, ɗanta Alhaji Safiyanu, mai fataucin hatsi, ya haƙa rijiyar sadaka da sunanta, ya ɗaure bakinta da siminti, ya sa mata murfin ƙarfe. Allah ya sa ruwan ya fito garai-garai, mai daɗi, ba kamar na famfon tuƙa-tuƙa da ke can bayan gari ba, wanda yake da ɗan zartsi. Sai rijiyar ta zama abin alfahari. Duk wanda ya ja guga sai ya ce, "Allah ya kai lada kabarin Dada." Da ruwanta ake dama kunun mai jego. Ruwan farko da jariri zai sha bayan nono, daga ita ake ɗebowa. Tsallake ta a je famfo, a garin nan, kamar ka wuce jana'iza ne ba ka tsaya ba.

Ba don rijiyar Batulu ta je garin ba. Wani makiyayi ne, Salihu, ya tare ta a kasuwa ya ce maruƙansa biyu sun makance, suna tafiya suna karo da bango, suna kafa kai a jikin itace su tsaya. Ya ce a kududdufin da ke bayan masallaci suke sha. Ta bi shi. A bakin kududdufin ta tarar da tulin fasassun batura, baƙaƙe da farare, da wani saurayi mai suna Ikrima yana fasa wani da guduma, yana zare farantan dalmar da ke ciki don sayarwa, yana tuttule ruwan batirin a ƙasa. Filin na Alhaji Safiyanu ne, shi ya ba shi aro don tausayi, ya samu abin yi. Batulu ta tsaya ta dubi inda ƙasa ta gangara. Ta bi gangaren da ƙafa. Bai kai ta ko'ina ba sai bakin Rijiyar Dada.

A nan ta haɗu da Murja, wata matashiya da ta zo ɗibar ruwa da goyon 'yarta Ummussalma a baya. Yarinyar ta fara magana a lokacin, tana nuna awaki tana kiran kowace da sunan da ta raɗa mata. Murja ta gane Batulu, ta gaishe ta da murna.

"Malama, ni kam ban bar karatunki ba. Duk ruwan da za ta sha sai na tafasa shi ya yi ta ɓararraka."

Batulu ta ce madalla, ta roƙi a zuba mata kaɗan a kwalba. Ta ɗauraye kwalbar da ruwan rijiyar, ta zubar, ta sake cikawa, ta buɗe gwangwani ta tsoma takarda. Ba a jima ba bakin takardar ya fara juyawa. Ta ɗauko wata, ta sake. Ja. Ta taka har famfon bayan gari ta gwada nasa, takardar ta zauna a ruwan ɗorawarta. Ta dawo ta zauna a kan dakalin rijiyar. Abin da ya fi dukanta shi ne maganar Murja. Tafasa tana kashe ƙwayar cuta, amma dalma ƙarfe ce, ba ta mutuwa. Ruwan ne ke tafiya a tururi, ita ta zauna a tukunya ta ƙara yawa. Uwar da ta fi kowa kula, ita ce ta fi ba 'yarta.

Ta sanar da mai unguwa a ranar. Kafin la'asar maza sun cika bakin rijiyar, Alhaji Safiyanu a gaba. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida. Mutum ne da har yau in aka ambaci uwarsa sai idonsa ya kawo ruwa.

"Malama, kin san rijiyar wa kike tsaye a kai?"

"Na sani, Alhaji. Allah ya jiƙan Dada."

"Amin. Tun da aka haƙa ta, duk maƙurwa ɗaya lada ne yake isa kabarinta. Shi ne kika zo da guntuwar takarda ki ce a yanke mata?"

"Alhaji, ban ce a rushe ba. A dakata da sha, a kai ruwan Kano a auna. In na yi kuskure, ni da kaina zan zo in ja guga in sha a gabanka."

Ta sake gwadawa a gabansu, takardar ta rine. Sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku dubi hannunta mana! Lalle ne ya zuba a takardar!"

Kwana biyu kafin nan an yi suna a gidan ƙanwarta, hannayenta sun sha ƙunshi, jawur har wuyan hannu. Dariya ta ɓarke.

"Wannan ai ko a zamzam ta tsoma, ja zai yi!"

"Malama, a ina ake miki ƙunshin? Yana kamawa!"

Ta ɗaga takardar famfo, wadda ta riƙe da hannun nan dai, ta ce su duba, ga ta nan ba ta canja ba. Babu wanda ya duba. Mutane sun samu abin da zai ba su damar komawa gida da hankali kwance, sun kuwa rungume shi. Kafin ta kai bakin titi an riga an sa mata suna: Mai Lalle.

Da dare ta koma gida. Ta samu lemon tsami da dutsen goge kaushi ta yi ta dirzar hannunta har ya yi zafi. Lalle ba ya fita da dirza, sai da ta jira ya koɗe da kansa, farce ya tofo sabo. Daga nan ba ta ƙara sawa ba. Ko a bikin 'yarta Bara'atu, uwar amarya ta fito da hannu haka nan, dangi suna ta surutu, wai ko takaba take yi. Ta ce musu hannun na aiki ne.

To, mutanen ƙauye dai a ce son Dada ne ya rufe musu ido. Na wurin aikinta fa, me ya rufe nasu? Ta kai rahoto, ta kai kwalaben ruwa an liƙe bakinsu, ta roƙi a tura su gwaji. Wani babba a cikinsu ya dube ta ya ce, "Malama, saura ki kaɗan ki huta, ki bar wa kanki zaman lafiya mana." Kwalaben suka zauna ƙarƙashin tebur har ruwan ya lalace. Da ta matsa, aka ce ai ana bukatar gogaggiya irinta a rumfunan mahauta na wata kasuwa mai nisa, aka mai da ta can. Mutanen da aka ɗauka aiki don su tsare lafiyar jama'a, aka kawo musu ƙararrawa tana kaɗawa a tafin hannu, abin da suka ga ya dace shi ne su nisantar da mai riƙe da ita. Babu wanda ya ce musu su yarda da takardar. An ce ne kawai su aika ruwa a auna. Ko wannan ya fi ƙarfinsu.

Damina ta sauka a kan haka. Kowane ruwan sama yana wanke bakin kududdufin yana turawa ƙasa.

Batulu ta koma zuwa garin a ranakun hutunta. Zauren maza ya rufe mata, amma ita mace ce, tana da sallamar shiga cikin gida. Ta bi matan ɗaki ɗaki. Wasu suka ji, suka fara zagayawa famfo da sassafe da tulu a ɓoye cikin zani. Wasu suka ce mata su ba sa son fitina. Murja ta ji, ta kuma tsorata, amma mijinta a gonar Alhaji yake aiki, ya ce ba za a ga matarsa ta tsallake Rijiyar Dada ba. Sai ta riƙa ɓoye ruwan famfo a buta don shan Ummussalma. Amma kunu fa? Tuwo da miya fa? Duk da ruwan randar gida ake yi, randar kuwa daga Dada ake cika ta.

Matan garin ne suka gaya wa Batulu cewa mutum ɗaya ce a duniya Alhaji yake sassauta wa murya: yayarsa Hajiya Kubra, da ke aure a Yalwan Damai. Ta je. Labarin Mai Lalle ya riga ta isa, aka ce mata daga soro Hajiya tana barci.

Dab da kaka, Ummussalma ta faɗi tana jijjiga. An fara da tofi da hayaƙi, ana cewa iska ce. Batulu ce ta tsaya a tsakar gidan ta ce a ɗauki yarinyar nan yanzu, kuma in an je asibiti a faɗa musu a auna dalma a jininta. Ɗanbala ya ce shi ya kai su, kuma tunda yake da Inna bai taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Daga asibiti aka tura su Kano. Awo ya nuna abin da takardar ta faɗa tun kafin damina. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ta dawo gida ta ga awakinta ta wuce su kamar ba ta taɓa saninsu ba. Sunayen duk sun tafi.

Batulu ta koma Yalwan Damai. Wannan karon ba ta tsaya a soro ba. Ta yi sallama ta shige har gaban Hajiya Kubra, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta baje mata tafukanta biyu.

"Hajiya, dubi hannuna."

Tsohuwar ta duba. "Ke ce Mai Lallen?"

"Ni ce. Ban zo ki yarda da ni ba. Na zo ki zo ki tsoma da hannunki."

Washegari da hantsi suka iso bakin rijiyar, lokacin da mata suka fi yawa. Batulu ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta ja da baya, ta naɗe hannayenta cikin mayafi. Hajiya Kubra ta ja guga da kanta, ta ce, "Allah ya kai lada kabarin Dada," ta zuba a kofi. Aka kawo na famfo a wani kofin. Hannun Hajiya kuwa ya sha lalle har ya yi baƙi.

"Hajiya, naki da lalle, nawa babu. Ki tsoma ɗaya a nan, ɗaya a can."

Ta tsoma. Ta famfo ta zauna yadda take. Ta Dada ta rine. Hajiya ta dubi takardun, ta dubi yatsunta. Ta ce a zubar a sake, ta sauya hannu, ta sauya kofi. Haka dai. Matan da ke wurin sun ce ta daɗe tana kallon cikin rijiyar, bakinta yana motsi. Daga nan ta jawo murfin ƙarfen ta rufe, ta shimfiɗa dardumarta a kai, ta hau ta zauna ta miƙe ƙafa. Wata yarinya ta matso da tulu. Hajiya ta ce, "Koma, 'yar nan. Yau Dada ba ta ba da ruwa."

Aka ruga aka kira Alhaji Safiyanu. Ya zo da sauri, hularsa a hannu.

"Yaya, mene ne haka? A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka haƙa ta."

"Matar nan ce ta zuga ki."

"Matar nan hannunta yana cikin mayafi. Ni na tsoma. Safiyanu, matar da ta goye mu, ka taɓa ganin ta miƙa wa ɗan wani nonon da ƙuda ya faɗa? Zubarwa take yi, ko da shi ke nan a ƙwaryar, mu kwana da yunwa."

"Ladanta fa, Yaya?"

"Ladanta yana wurin Allah, ba a ƙasan ramin nan yake ba. Ita ba ta da alhakin kowa. Ni da kai za a tambaya. Ka je ka ga 'yar Murja?"

Bai je ba. Ya sunkuyar da kai. Hajiya ta zauna a kan murfin nan har rana ta take, ba ta sauka ba sai da liman ya zo ya faɗa a gaban kowa cewa sadaka ba ta mutuwa don an sauya mata wuri, kuma hana cuta yana gaba da ci gaba da bayarwa. Ta sa sharaɗi: a motar Alhaji za a kai ruwan Kano, kuma Batulu ce za ta riƙe kwalaben. Haka aka yi. Sakamako ya dawo, bai saɓa wa takardar ba.

Aka toshe rijiyar da siminti. Alhaji ya haƙa wata a tudun gabas, nesa da kududdufin, aka sake sa mata sunan Dada. Kafin kowa ya sha, Batulu ta tsoma takarda, ta fito da ruwan ɗorawarta, mata suka yi guɗa. Ikrima ma ba ta bar shi ba. Mutane sun so su huce a kansa, ita kuwa ta ja shi gefe ta ce ya je a auna jininsa. Ya ce, "Wallahi Malama, babu wanda ya taɓa ce mini komai. Wani murfin ma da haƙori nake cire shi." Ya daina fasa batir a wurin.

Ranar buɗe sabuwar rijiya an kafa rumfa, an kawo lasifika. Babban nan da ya ce ta bar wa kanta zaman lafiya yana kujerar gaba, har ya yi jawabi a kan muhimmancin sa ido. An gode wa Alhaji, an gode wa masu haƙa, an gode wa wanda ya ba da aron kujeru. Batulu tana tsaye a bayan mata da jakarta. Ba a ambaci sunanta ba. Wanda ya fara cewa lalle ne, yana nan a garin yana shan ruwan sabuwar rijiya, bai taɓa zuwa ya ce ta yafe shi ba. Ƙasar bakin kududdufin kuma har yau ba a kwashe ta ba, duk da ta faɗa ta sake faɗa, yara suna wasa a kai. A wasu garuruwan, wasu samarin suna nan suna fasa batura a bayan gidaje, babu wanda ya ce musu komai.

Malama Batulu, ke ce kika tsaya a tsakiyar maza suna miki dariya, ba ki zagi kowa ba, ba ki kuma janye maganarki ba. Ke ce aka kora zuwa rumfar mahauta, kika riƙa dawowa a ranar hutunki kina bin ɗakunan mata. Ke ce kika gane cewa mutanen nan ba ruwan suke karewa ba, uwarsu suke karewa, kika je kika nemo wadda za ta iya magana da yawun uwar. Ba ki taɓa cewa takardarki ta fi ƙarfin kuskure ba. Abu ɗaya kika roƙa, a auna. Da an ji ki a ranar farko, da Ummussalma ta shiga makaranta tare da sa'o'inta. Wannan ba alhakinki ba ne, kuma waɗanda yake wuyansu sun san kansu. Sauran yaran garin da suke gudu suna surutu yau, yawancinsu ba su san sunanki ba. Mu mun sani, Batulu ta bakin rijiya. Mun gode. Allah ya saka miki da abin da mutane suka kasa.

Juma'ar da ta biyo bayan ajiye aikinta, Ɗanbala ya tsaya a ƙofar gidanta a Birnin Kudu ya danna ham.

"Inna, fito, na kawo miki masu ƙara!"

Murja ce ta sauko, riƙe da hannun Ummussalma, ɗaya hannun da kwano a rufe da faifai. Yarinyar ta yi tsawo. Kalmominta kaɗan ne, sai ta daɗe tana nema kafin ɗaya ta fito, amma tana fitowa. Suka zauna a tabarma a tsakar gida. Murja ta buɗe kwanon. Lalle ne kwaɓaɓɓe, ƙanshinsa ya cika wurin.

"Matan garinmu ne suka daka, Hajiya Kubra ta kwaɓa da hannunta. Ta ce yanzu ai kin gama. Miƙo hannun, Malama."

Batulu ta dubi kwanon ta daɗe. Ta dubi gwangwanin alewar da ke kan taga, wanda masu binciken nan ba su daina aiko mata da takardun cika shi ba, tunda ita ce ke mayar musu da labari. Sannan ta miƙa hannun hagu.

"Ɗayan fa?"

"Akwai rijiyar da na yi wa wasu mata alkawari a Dingaya. Bar mini daman tukuna."

Haka take yawo yanzu, hagu jawur, dama babu komai. Duk wanda ya gan ta a tasha da sassafe zai gani.

Ku matasan da kuka karanta aikin lafiya da tsaftar gari kuna jiran a ba ku kujera, ga gwangwani can a cinyar tsohuwa. Ku da kuke da kwalaye a saman kabad, ku sauke su kafin laima ta gama da su. Ku da ake kawo wa kwalba a ce a auna, ku aika a auna. Ku masu rijiyar sadaka, ku nemi a duba muku ruwan, domin wanda kuka haƙa dominsa ba zai so a cutu da sunansa ba. Matar nan ta yi nata har da ƙari. Wani ya zo ya karɓi gwangwanin nan daga hannunta, ta samu ta ƙunsa na daman.